Takin feshi ko funfunar saiwa, wanne ya fi wa ɗoɗɗoya?

Ƙanwata ce ta jawo wannan rubutun. Tana da buhuna wajen 20 a bayan ɗakinta da ta cika da ƙasa tana noman ganye, sai ta kira ni ranar nan tace "Yaya don Allah raba ni da gardama, wasu sunce in sayi takin ruwa in riƙa fesa wa ɗoɗɗoyata, wasu kuma sunce akwai wani gari da ake zubawa a ramin dashe wai shi maikoraiza, kuma kuɗina ba zai kai biyun ba, wanne zan saya?" Nace mata ƙanwata wannan maganar ba ta waya bace, bari in zauna in rubuta miki dalla-dalla, don ni kaina na daɗe ina jagwalgwala abubuwan nan biyu a lambu da kuma cikin buhu.

Kafin komai mu fahimci wace ɗoɗɗoyar ake magana, don sunan ya haɗe abu fiye da ɗaya. Akwai tamu ta gida mai tsayi da kaushin ganye wadda ake sawa a farfesu, Yarbawa na ce mata efirin, masana kuma Ocimum gratissimum, ita wannan in ta kafu sai ta shekara biyu uku tana nan kamar ƙaramar bishiya. Sai kuma mai laushin ganye mai sheƙi, Ocimum basilicum, wadda ta yi suna a Italiya musamman yankin Jenowa inda suke kirɓa ta da man zaitun da tafarnuwa su zuba a taliya, ita ce manyan otal da masu gasa fiza ke nema a Abuja da Legas, kuma ita ce mai shagwaɓar, sanyi kaɗan ganyenta ya yi baƙi, ƙishi kaɗan ta yi lanƙwas. Yawancin binciken da aka yi a kan ta biyun aka yi shi, amma abun da zan faɗa ya shafi duka biyun.

Bari in fara da takin feshi tunda shi kowa ya sani. Ma'anarsa dai ka narka taki a ruwa ka fesa a ganye, ganyen ya sha ta fatarsa da kuma wasu 'yan ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda suka fi yawa a bayan ganyen. Ba tatsuniyar masu shago bace, tun shekarun 1950 wasu masana a jami'ar jihar Mishigan ta Amurka, Tukey da Wittwer, suka yi amfani da sinadaran da na'ura ke iya bin sawunsu suka nuna cewa abun da aka fesa a ganye yana shiga cikin shuka har ya yi tafiya zuwa wasu sassan jikinta. Kuma yuriya tana cikin waɗanda suka fi saurin shiga, cikin awoyi kaɗan wani kaso mai yawa ya shige. Shi ya sa in ka fesa wa ɗoɗɗoyar da ta yi fari-fari saboda yunwa, kwana 3 zuwa 5 zaka ga kore ya dawo, wallahi abun yana da daɗin gani, kuma wannan saurin shi ne ya sa mutane suka ɗauke shi kamar maganin komai.

Amma zauna ka yi lissafi da ni. Ganyen ɗoɗɗoya ba ya ɗaukar haɗi mai ƙarfi, abun da yake lafiya shi ne wajen giram 5 na yuriya a lita ɗaya ta ruwa, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya ko ya ɗan ɗara kaɗan. In famfon feshinka mai lita 16 ne kenan giram 80. Ita kuma yuriya kashi 46 cikin 100 ne naitirojin ɗinta, kaga duk famfon nan da ka goya ka zagaye lambu da shi bai wuce giram 37 na naitirojin ba, kuma ba duka ne zai shiga ba don wani zai ɗiga ƙasa wani zai bushe a kan ganyen. Shukar da kake yanka duk sati 2 ko 3 kana kwashe ganyenta kana kaiwa kasuwa, ba za ta rayu da wannan ɗan lasar ba. Abincinta na gaske daga saiwa yake zuwa, musamman fosfaras da fotasiyam da take buƙata da yawa. In kace zaka ƙara ƙarfin haɗin don ya ishe ta, toh nan ne ake kuka.

Ni na gani a lambuna. Wata shekara cikin watan Maris, lokacin da rana ke dukan tsakar ka a Kano zafi na kusan kaiwa 40, na samu odar ganye kuma shukar ta ɗan yi baya, sai na ninka haɗin na fesa wajen ƙarfe 11 na safe. Washegari da na shiga kwamin nan gefen kowane ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa ya nannaɗe kamar an gifta masa wuta, sababbin tohon da ke sama su suka fi shan wahala, in ka taɓa sai su ruguje a hannu. Dattijon da ke lambun kusa da ni ya leƙo ya daɗe yana kallo sannan yace "ɗana, ganye ba ciki bane, fata ce, abun da zaka shafa wa fata daban abun da zaka ci daban." Nace haka ne Baba. Sai da na yanke kwamin gaba ɗaya na jira sabon toho, odar kuma ta wuce ni. Abun da ya faru shi ne rana ta busar da ruwan nan da nan, gishirin takin ya taru a kan ganyen ya zuƙe masa ruwan jiki. Tun daga ranar ban ƙara feshi ba sai da sassafe kafin rana ta ɗaga ko kuma bayan la'asar sakaliya, kuma sai na tabbata an yi ban ruwa ƙasa na da laima, don shukar da ke jin ƙishi ta rufe ƙofofinta kuma ta fi saurin ƙonewa. A lokacin hunturu ma da iska ke bushe ƙamas haka abun yake, ruwan feshin ba ya jimawa a ganye balle ya shiga sosai.

Inda takin feshi ya yi zarra, wanda babu mai ja da shi, shi ne wajen ƙananan sinadarai, irin su sinadarin ƙarfe da zinki da magnesiyam, waɗanda shuka ke buƙatar kaɗan ne kawai. Misali in ƙasarka mai kanwa-kanwa ce ko ka cika mata toka, sinadarin ƙarfen yana nan a ƙasar amma ya ɗaure saiwa ba ta iya ɗauka, zaka ga sababbin ganyen sama sun yi ɗorawa amma jijiyoyin ganyen suna nan kore. In ka zuba maganin a ƙasa shi ma ɗaurewa zai yi, amma in ka fesa a ganye ka tsallake matsalar. Haka in tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi ɗorawa tsakanin jijiyoyi, sau da yawa magnesiyam ne. Haka kuma bayan ruwa ya kwanta a kwami saiwa ta shaƙe, ko bayan dashe kafin saiwa ta kama, ɗan feshi mara ƙarfi yana riƙe shukar kafin ta farfaɗo.

Sai dai akwai wani tarko da nake so kowa ya sani, don yana cinye lambu guda. Ɗoɗɗoyar Turawan nan tana da wata cuta ta funfunar ganye, Peronospora belbahrii, wadda aka fara rubuta labarinta a Yuganda tun shekarun 1930, sannan ta ɓulla a Suwizalan a 2001, ta shiga Italiya, a 2007 kuma aka ganta a Fulorida ta Amurka, tun daga nan ta zama babbar matsalar masu noman ɗoɗɗoya a duniya. Alamarta ta farko ganye ya yi ɗorawa ta sama, sak kamar yunwar taki. Sai mutum ya ɗauko famfo ya fesa takin ruwa, alhali ita cutar ba abun da take so kamar ganye ya jiƙe ya kwana da laima, kaga ka ƙara wa wuta fetur kenan. Don haka kafin ka fesa komai juya ganyen ka duba bayansa, in kaga wani toka-toka mai duhu kamar ƙura ta manne a wajen, ajiye famfon, cire waɗanda suka kamu ka fitar da su daga lambun, ka rage cunkoso iska ta riƙa ratsawa. Wannan ne ma dalilin da yasa da damina nake fifita feshin safe a kan na yamma, don ganye ya bushe kafin dare.

Abu na ƙarshe a kan feshi, kada mu manta ganyen nan shi ake ci, wani lokacin ma ɗanye. Masu jiƙa kashin kaji ko na shanu a duro su tace su fesa a ganye, don Allah ku daina a kan ɗoɗɗoya da latas da duk abun da ake ci ɗanye, wannan ruwan a gindi ake zuba shi, ƙwayoyin cutar gudawa suna iya maƙalewa a ganye. Ko na kwalba ne, ni bayan yanka nake fesawa in sabon toho ya ɗan buɗe, sannan in bar aƙalla sati kafin yanka na gaba. Masu son na gida kuma akwai ruwan ganyen zogale, a daka ɗanyen ganye mai tasowa a tace a sirka kashi ɗaya da ruwa wajen kashi 30, yana ɗauke da sinadarin da ke ƙarfafa toho, kuma bai cika ƙona ganye ba.

Toh yanzu maikoraiza. Ni funfunar saiwa nake ce mata don mutane su gane, don dangin funfuna ce irin wadda ke fitowa a jikin burodi ko tuwon da ya kwana biyu, sai dai ita wannan a cikin ƙasa take, kuma ba cuta bace. Wani masani Bajamushe mai suna Frank ne ya raɗa mata sunan a 1885, ma'anar kalmar a Girkanci funfuna da saiwa. Irin wadda ke zama da ɗoɗɗoya tana kutsawa har cikin saiwar ta yi wasu 'yan rassa kamar bishiya a ciki, sannan ta fitar da zare siriri fiye da gashin saiwa nesa ba kusa ba, ya bazu cikin ƙasa. Zaman nasu na ban gishiri in baka manda ne, shuka ta bata sukari da mai daga abun da ganye ya sarrafa da hasken rana, har yakan kai kashi 20 cikin 100, ita kuma ta kawo wa shuka fosfaras da zinki da ɗan ruwa daga inda saiwa ba ta kaiwa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na tsirran duniya suna wannan zaman, an ma samu alamarta a duwatsun Sukotlan masu shekara wajen miliyan 400. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ce Allah mai iko, dawa da gero da wake da masara da albasa da iyayenmu suka yi ta nomawa duk da taimakonta suke tashi ba tare da kowa ya ganta ba.

Dalilin da yasa take da muhimmanci shi ne halin fosfaras. Shi ba ya yawo a ƙasa kamar naitirojin da ruwa ke ɗauka, inda yake nan yake, saiwa tana tsotse na kusa da ita milimita ɗaya ko biyu shikenan sai ta zauna a tsakiyar fili fayau. Zaren funfunar shi ke tsallake wannan wajen ya tafi santimita da yawa ya ɗebo. Kuma ƙasar yankinmu ta jigawa an san ta da ƙarancin fosfaras da ƙarancin ruɓaɓɓen abu, shi ya sa takin zamani na supa da kamfa suke tasiri a gonakinmu. Kaga a irin wannan ƙasar funfunar saiwa ba ƙaramin aiki take ba.

A kan ɗoɗɗoya ita kanta an yi bincike mai kyau. A 2006 wasu masana a Italiya, Copetta da Lingua da Berta, sun gwada iri 3 na funfunar a kan ɗoɗɗoyar Jenowa, suka ga ba duka suke aiki ɗaya ba, guda cikinsu mai suna Gigaspora rosea ita ta fi ƙara girman shukar, kuma ta ƙara yawan 'yan ƙurajen nan na jikin ganye da ke ajiye man ƙamshi. In ka murza ganyen ɗoɗɗoya ƙamshi ya tashi a yatsunka, waɗannan ƙurajen ka fasa. A 2007 kuma masana a jami'ar Adeled ta Ostireliya suka nuna wasu irin funfunar suna ƙara sinadarai masu amfani ga jiki a cikin ganyen. Wannan wajen ne ya fi jan hankalina, don mai sayen ɗoɗɗoya ƙamshi yake saye. A nawa lambun na sha lura cewa in na matsa wa shuka da yuriya, ganye yakan yi faɗi ya yi laushi ya cika ido amma ƙamshin sai ya yi sanyi, kuma ya fi saurin yaushi bayan yanka, ɗarɓa ma ta fi damunsa. Mai dafa abincin otal in ya karɓi ƙunshi ba awo yake fara yi ba, ganye ɗaya yake tsinka ya murza ya kai hanci.

Amma fa ita ba ta da gaggawa ko kaɗan. Kafin ta shiga saiwa ta bazu ta fara biyan bashin sukarin da take sha sai an yi sati 3 zuwa 6, a farkon ma shukar tana iya ɗan yin jinkiri don ciyar da baƙuwa take. In ɗoɗɗoyarka ta yi ɗorawa yau kuma kana da oda sati mai zuwa, funfunar saiwa ba za ta yi maka komai ba. Kuma dole ta taɓa saiwa, ba a fesa ta a ganye ba a barbaɗa ta a saman ƙasa rana ta gasa ta, a wajen rainon iri ko a ramin dashe ake sa ta. Naitirojin ɗin da shukar yanka ke buƙata ma ba za ta wadatar da shi ba, sai ka haɗa da takin gida.

Sannan tana da abokan gaba da yawa kuma yawancinsu mu ne. Na farko yawan fosfaras, in ka cika ƙasa da supa ko kamfa ko kashin kaji mai yawa, wanda shi ma fosfaras ɗinsa na da yawa, shukar sai ta ga ba ta da buƙatar baƙuwa ta rufe mata ƙofa. Abun mamaki ko a ganye ka fesa fosfaras mai yawa haka zata yi, don ƙoshin da ke cikin jikinta take dubawa. Sai wasu magungunan funfuna masu shiga jikin shuka irin su kabendazim, musamman in an tuttula a ƙasa. Sai yawan kaftu da juya ƙasa wanda ke tsittsinka zaren, da barin fili tsirara wata da watanni ba ko ciyawa, da kwanciyar ruwa na tsawon lokaci. Kabeji da danginsa ba sa zama da ita sam, alayyaho ma kusan haka, saboda haka kwamin da aka daɗe ana maimaita su a ciki funfunarsa takan ragu, amma in ka dasa ɗoɗɗoya a bayan albasa ko masara ko wake ka gaji arziki.

Sai babbar maganar, wato wadda ake sayarwa a leda. Abu ne mai rai, zafi yana kashe shi, daɗewa tana kashe shi, kuma ba yadda za a yi ka gane mai rai da matacce da ido, gari ne kawai. A 2022 an wallafa wani bincike da masana daga Ostireliya da Turai da Amurka suka haɗu suka gwada kayan kamfanoni kusan 30, a gwajin da aka yi cikin ƙasar da aka kashe ƙwayoyinta fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan basu kama saiwa ba. Wannan a ƙasashen da ake da sanyi da wajen ajiya kenan, ina ga ledar da ta sha hanya ta zo ta zauna a shago mai rufin kwano cikin zafin bazara. Ni ma na taɓa saya a wani shago da tsada, na sa a rabin buhunana na bar rabi, har na gama yankan shekarar ban ga bambancin komai ba, kuma abun ya min ciwo don kuɗin da na ware na iri ne. Ba ina cewa duka na bogi bane, akwai masu kyau, in zaka saya duba ranar da aka yi shi da ranar lalacewa, duba ko an rubuta sunan irin da ke ciki kamar Rhizophagus irregularis ko Funneliformis mosseae, a wasu ledojin tsofaffin sunayensu Glomus intraradices da Glomus mosseae zaka gani, kuma ka kalli inda mai shagon ya ajiye shi.

Toh wa ya kamata ya zaɓi wanne? A ganina amsar tana cikin ƙasar da kake shuka a kai. In lambu gareka na ƙasa ta asali wadda ake noma albasa da masara da wake ana zuba takin shanu, funfunar tana nan tun kafin a haife ka, kuma 'yar gida ta fi baƙuwar leda sanin zafin wajen da yanayinsa. Sayen gari a nan yawanci asarar kuɗi ne, aikinka kawai kada ka kashe wadda kake da ita, rage supa, rage kaftu mai zurfi, rufe gindin shuka da ciyawa. Ɗan kuɗin naka sa shi a takin gida ruɓaɓɓe, in ya yi saura ka sayi takin feshi mai ƙananan sinadarai ka ajiye don ranar buƙata.

In kuma irin ƙanwata ce, noman buhu ko bokiti ko tukunya, labarin ya juye. Me ake cika buhun da shi? Yashin rafi, ƙonannen buntun shinkafa, kokofit wato garin ɓawon kwakwa, wasu ma har soya ƙasar suke a rabin duro don kashe tsutsa da irin ciyawa, wanda yana da kyau amma yana kashe funfunar ma. Irin wannan haɗin kusan babu funfunar saiwa a ciki, kuma a nan ne sa ta yake nuna bambanci sosai, don yawancin binciken da ya nuna babbar riba a tukwane aka yi shi da ƙasar da aka kashe ƙwayoyinta. Ga shi buhu yana saurin bushewa, shukar da ke da funfuna kuma ta fi jure ƙishi da ɗan gishirin ruwan rijiya. Ɗoɗɗoyarmu ta gida da ke shekaru a waje ɗaya ita ta fi kowa cin ribar, don sau ɗaya zaka sa funfunar ta yi ta aiki, shi kuwa feshi duk sati biyu sai ka sake goya famfo ka sake saye.

Masu noma a ruwa zalla ba ƙasa, da masu shuka a cunkushe su tumɓuke duka a sati 4 ko 5, ku manta da funfuna, lokacin bai isa ta biya kuɗinta ba.

Abun da na faɗa wa ƙanwata shi ne kada ta sayi garin ledar, ta haɗa nata, kuɗin kuma ta sayi ƙaramar kwalbar takin feshi wanda fosfaras ɗinsa bai da yawa. A jikin kwalba akwai lambobi 3, ta tsakiyar ita ce fosfaras, a nemi wadda ta tsakiyar ta fi ƙanƙanta. Da haka biyun basa faɗa, funfuna na aikinta a ƙasa, feshi na cike giɓi bayan yanka. Tace "Yaya ana haɗa funfuna a gida kuma?" Nace sosai ma, ba sabon abu bane, cibiyar Rodale da ke Amurka tare da masanan ma'aikatar gonar ƙasar sun daɗe da koya wa manoma yin ta a gona da ciyawa a cikin buhu, mu kuma dawa da masara sun ishe mu.

Yadda nake yi, ina zuwa wajen da aka daɗe ba a yi huɗa ba, gefen daji ko tsohuwar saura inda gamba da sauran ciyayi suka kafu, in kankare saman in ɗebi ƙasar da ke tsakanin saiwoyi zurfin kamar tafin hannu, daga wuri 3 ko 4 daban-daban, tare da 'yan saiwoyin. Kada a ɗebo daga gonar tumatir ko kuɓewa ko yalo, don tsutsar nan mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli tana kama ɗoɗɗoya sosai, in ka kawo ta buhunka ka sayo wa kanka wahala. Sai in gauraya da yashi mai tsabta kashi ɗaya da ɗaya ko yashin ya ɗan fi, da ɗan takin shanu ruɓaɓɓe kaɗan, in cika bokiti mai huda a ƙasa, in shuka dawa ko masara a cunkushe tare da 'yan ƙwayoyin wake. Ba kamfa ba supa ba maganin funfuna, ruwa kawai. Shukar zata yi 'yar rama-rama kuma haka ake so, yunwar fosfaras ce ke sa ta buɗe wa funfunar ƙofa. Bayan wata 3 sai in daina ban ruwa in barta ta bushe sati 2, bushewar ce ke sa funfunar ta zuba 'ya'yanta a ƙasa. Sai in yanke karan daga gindi, in zazzage bokitin a kan buhu a inuwa, in daddatsa saiwoyin da almakashi gutsi-gutsi kamar tsawon farce in cakuɗa su da ƙasar. Wannan cakuɗin shi ne irin. Ranar dashe cikin tafin hannu ɗaya a kowane rami, a ɗora saiwar ɗoɗɗoyar a kai kai tsaye a rufe a ba da ruwa. In ya yi saura a ƙulle a buhu a ajiye a ɗaki mai sanyi inda ba laima, ya fi kyau a yi amfani da shi cikin shekarar.

Tunda gani ya kori ji, nace mata ta ware buhu 8 masu haɗin ƙasa iri ɗaya da dashe masu girma ɗaya, 2 ba komai, 2 feshi kawai, 2 funfuna kawai, 2 kuma duka biyun, ta ɗaura musu tsumma kala-kala don kada su rikice mata, ta jera su inda rana ke samunsu daidai. Dukkansu ta riƙa tsinke kan shukar a saman gaɓa da zarar ta kai kamar taƙi ɗaya, kuma kada ta bari su yi fure, don fure yana tsayar da ganye ko me ka zuba. Kada ta yanke hukunci a yankan farko, na feshin ne zai yi gaba a lokacin, ta jira na uku da na huɗu ta auna ganyen kowane buhu a sikelin kicin, ta murza ta shinshina, sannan wata rana ta tsallake ban ruwa ta duba da azahar waɗanne ne suka fara sunkuyar da kai. Ta riga ta shuka dawarta a bokiti biyu tun satin da ya wuce, jiya ta turo min hoto sun fito sun yi ganye bibbiyu.